Tarin da Ya Yi Kama da Fuka: Daga Sokode Zuwa Dapaong

Duk ma'aikacin ɗakin gwaji da ya taɓa duba kakin mai tari, a babban asibitin Sokode ne ko a na Dapaong a ƙasar Togo, ya san abin da idonsa ke nema: 'yan sanduna jajaye, sirara, kwance a kan shuɗin fili. Ana shafa kakin a jikin gilashi, a zuba jan rini, a wanke da ruwan asid. Yawancin ƙwayoyin cuta sukan saki rinin nan take. Dangin maikobakteriya kuwa sukan riƙe shi gam, saboda kitsen da ya lulluɓe jikinsu. Dabarar Ziehl da Neelsen ke nan, wadda aka fito da ita a shekarun 1880, jim kaɗan bayan Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882. Tana da araha, kuma ta ceci rayuka ba adadi. Aibinta ɗaya ne: dangi take nunawa, ba ta faɗin suna. Kamar a zango ne a ce maka baƙon da ya sauka Bahaushe ne. Ka san harshen da za ka gaishe shi da shi, amma ba ka san ko Bakano ba ne ko Bagobiri.

Dangin kuwa ba ƙarami ba ne. Idan aka ware ƙwayar tarin fuka da 'yan ɗakinta, aka ware ta kuturta, akwai sauran jinsi sama da 190 da aka raɗa wa suna. Likitocin ƙasashen Ingilishi na kiran su NTM a taƙaice, na Togo da Nijar su ce MNT. Ba a jikin mutum suke zaune ba. Gidansu ƙasa ce, da ƙura, da ruwan fadama, da santsin da ke manne a cikin bututun famfo da gindin tanki. Kowa na shaƙar su, kowa na haɗiye su, kuma galibi ba abin da ke biyowa baya. Amma idan suka tarar da huhun da ya riga ya yi rauni, sai su kafa sansani, su kawo tari mai daɗewa, da rama, da zufar dare, wani lokaci har da jini a kaki. Hoton ƙirji ma yakan nuna rami a saman huhu, daidai inda fuka ke yin nata. In ban da wasu 'yan lokuta da aka gani tsakanin masu wata cutar huhu ta gado a Ingila, ba a san su da tsallakawa daga mutum zuwa mutum ba. Daga muhalli ake ɗaukar su. A nan ne tambayar wannan sharhi ta samo tushe: in daga ƙasa da ruwa suke fitowa, to ƙasa da ruwan kowane wuri da irin nasu.

Haka kuwa abin yake. Binciken da aka fi kafa hujja da shi ya fito a 2013, ƙarƙashin Wouter Hoefsloot da Jakko van Ingen na birnin Nijmegen a Holan. Sun tattara sakamakon shekarar 2008 daga ɗakunan gwaji 62 a ƙasashe 30, na majiyyata 20,182, suka ƙirga jinsi 91. Gungun da ake kira MAC, wanda ya ƙunshi Mycobacterium avium da Mycobacterium intracellulare, shi ne kan gaba a duniya, da kashi 47 cikin ɗari. Amma da an dubi ƙasa ɗaya-ɗaya sai hoton ya wargaje. A Hangari, kusan rabin abin da aka samu M. xenopi ce. A Polan da Sulobakiya, wajen kashi ɗaya cikin uku M. kansasii ce. A arewacin Turai ake cin karo da M. malmoense, wadda aka fara bayyanawa a birnin Malmo na Suwidin a 1977. A gabashin Asiya masu saurin girma ne suka yi yawa, irin su M. abscessus da M. fortuitum, har a Taiwan suka kai rabi. Ko a cikin gungun MAC ɗin akwai rabon gado: M. avium ta fi rinjaye a Turai da Amurka ta Arewa, M. intracellulare kuma a Afirka ta Kudu da jihar Queensland ta Ostireliya.

Bambancin ba ya tsayawa a kan iyakar ƙasashe. A Japan, inda a 2014 aka ƙiyasta sababbin masu wannan ciwo 14.7 cikin kowane mutum 100,000, M. avium ta fi yawa a gabas da arewa, M. intracellulare a yamma da kudu, M. abscessus kuma ta fi fitowa a tsibiran kudu masu zafi. A Amurka, Hawai ce ta fi kowace jiha yawan masu wannan ciwo. M. simiae ta zaɓi wurare masu zafi irin su Isra'ila, Iran, Kuba da kudu maso yammacin Amurka.

Me ya kawo haka? Kashi na farko na amsar yana cikin halin ƙwayoyin da kansu. M. xenopi tana son zafi, tana girma a ma'aunin 42 zuwa 45, shi ya sa ta samu wurin zama a bututun ruwan zafi na manyan gine-gine da asibitocin Turai. Gungun MAC yana son ƙasa mai tsami da ruwan fadama mai launin shayi. M. kansasii, wadda aka fara bayyanawa a Kansas a 1953, ba kasafai ake samun ta a ƙasa ba. Ruwan famfon birane take bi, kuma ta shahara a garuruwan haƙar ma'adinai. Joseph Falkinham na Jami'ar Virginia Tech, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan fanni, ya nuna wani abu mai ɗaure kai: sinadarin kulorin da ake tsabtace ruwa da shi yana kashe sauran ƙwayoyi ya bar waɗannan, domin M. avium ta fi ƙwayar E. coli jure masa sau ɗaruruwa. Wato ruwan da aka tace aka kawar da kwalara da taifot daga cikinsa, fili ne aka share musu. Wannan ba dalilin ƙin kulorin ba ne, kwalara ta fi gaggawar kisa nesa ba kusa ba. Dalili ne na sanin cewa kowane gyara da nasa kuɗin.

Kashi na biyu yana cikin huhun mutanen wurin. A ƙarshen shekarun 1990 Elizabeth Corbett da abokan aikinta sun binciki masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu, suka tarar M. kansasii ce ke cin su, M. scrofulaceum na biye. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne masu ƙurar dutse a huhu, da masu tabon tsohuwar fuka, da masu ƙanjamau. Ƙwayar tana nan a ruwan da kowa ke wanka da shi. Huhun da ya tsage ne ya buɗe mata ƙofa.

Kashi na uku, wanda a ganina ya fi muhimmanci gare mu, ba ya cikin ƙasa, ba ya cikin huhu. Yana cikin ɗakin gwaji. Cikin ƙasashe 30 na binciken 2013, ɗaya ce tak daga Afirka, wato Afirka ta Kudu. Ba Togo, ba Najeriya, ba Nijar, ba Gana. Taswirar da ake yawo da ita a littattafan likitanci rabinta taswirar ƙwayoyi ce, rabinta taswirar wuraren da ke da na'urar faɗin suna. Dubi abin da ya faru da Catherine Okoi da abokanta na cibiyar binciken lafiya ta Gambiya suka tattara bincike 37 na ƙasashen kudu da Sahara a 2017. Sun samu NTM a kashi 7.5 cikin ɗari na kakin da aka gwada, MAC na kan gaba. Amma cikin 'yan binciken da suka bi ƙa'idar tabbatar da ciwo, M. kansasii ce ta kwashe kusan kashi 70. Wanda ya karanta wannan da gaggawa sai ya ce M. kansasii ce cutar Afirka. Ba haka ba ne. Masu haƙar zinariyar Afirka ta Kudu ne suka cika lissafin, saboda su ne aka bincika da kyau. Likitan Dapaong da ya ɗauki wannan adadi ya ɗora wa manomin dawa, ya ari rigar da ba a ɗinka don majiyyacinsa ba.

To ina ya kamata ya duba? Maƙwabta. Kuma shaidar da ta fi kusa da yanayin arewacin Togo daga ƙasar Hausa ta fito. Tsakanin 2010 da 2011, Dokta Gambo Aliyu, wanda daga baya ya shugabanci hukumar yaƙi da ƙanjamau ta Najeriya, ya jagoranci bincike a cibiyar horar da ma'aikatan fuka da kuturta da ke Saye a Zariya, da asibitin Barau Dikko na Kaduna. An reni kakin mutum 1,603 da ake zargin suna da fuka. Maikobakteriya ta tsiro a na mutum 444. Daga ciki 375 dangin fuka ne na ainihi, 69 kuma, wato kashi 15 cikin ɗari, NTM ce, kuma M. intracellulare ce ta fi yawa, M. abscessus na biye da ita. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne lokaci: idan aka kwatanta da masu fuka, masu NTM sun fi bayyana a watannin hunturu, ninki biyu da ɗoriya. Sun kuma fi zama waɗanda suka haura shekara 35.

Ana iya karanta wannan ta fuska biyu, kuma bai kamata a yi saurin zaɓar ɗaya ba. Mai yiwuwa ƙurar hunturu ce ke ɗauko ƙwayoyin daga busasshiyar ƙasa ta kai su can cikin huhu. Mai yiwuwa kuma hazo ne ke sa mutane tari su garzaya asibiti, ƙurar ta sauka a maƙogwaro ko a bakin kwalbar kaki, ta tsiro a ɗakin gwaji alhali ba ita ce ciwon ba. Ko wacce ce gaskiya, tana da amfani ga mai aiki a Dapaong, inda hazo ke rufe gari daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

A Bamako an ga ɓarnar rashin suna ƙiri-ƙiri. Binciken Mamoudou Maiga da abokansa, wanda ya fito a 2012, ya duba mutum 61 da aka yi wa maganin fuka sau biyu bai ci ba, irin waɗanda a lokacin ake ɗauka suna da fuka mai taurin kai. Mutum 11 daga cikinsu, kashi 18 cikin ɗari, ba su da ƙwayar fuka sam. NTM ce kaɗai a huhunsu, galibi M. avium, sai M. simiae. Ka tuna abin da maganin fuka mai taurin kai yake a wancan zamani: allurai na watanni masu iya kurmantar da mutum, ƙwayoyi na kusan shekara biyu, keɓewa daga iyali, da tsangwamar unguwa. Duk wannan a kan ciwon da ba shi ba ne, kuma ba ya yaɗuwa. A Wagadugu an ci karo da irin haka, har a 2015 aka wallafa rahoton majiyyatan Burkina Faso da M. sherrisii ta kama huhunsu, wata 'yar'uwar M. simiae da ba kasafai likitan Turai ke gani ba. Daga Dapaong zuwa iyakar Burkina a Cinkasse tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba ce. Ƙasar ɗaya ce, iskar ɗaya ce, kasuwar ma ɗaya ce.

Idan aka jera waɗannan, wani abu na leƙowa: a yankin sabana na Afirka ta Yamma MAC ce ke kan gaba, dangin M. simiae masu son zafi suna nan, masu saurin girma suna nan, M. xenopi da M. malmoense na Turai kuwa ba su ne abin damuwa ba. Zane ne na gawayi, ba hoto ba, amma ya fi aron na nesa.

Togo da kanta tana da misalin da ba ya buƙatar gardama, sai dai a fata yake, ba a huhu ba. M. ulcerans, mai kawo gyambon Buruli, ita ma 'yar wannan dangi ce. Ba ta son zafin cikin jiki, ta fi girma a ma'aunin 30 zuwa 33, shi ya sa take tsayawa a fata, tana fitar da dafin da ke narkar da nama ba tare da ciwo sosai ba. A Togo ta taru ne a kudu, a yankin Maritime, a ƙauyukan kwarin kogin Zio da Haho, inda ruwa ke kwanciya. Saboda haka aka kafa cibiyar kula da ita a asibitin Tsevie, kilomita 35 daga Lome. Ƙasa mai faɗin da bai taka kara ya karya ba, amma ƙwaya ɗaya ta zaɓi kusurwa ɗaya ta zauna. In ta fata ta yi haka, babu dalilin ɗauka cewa na huhu sun bazu daidai wa daida daga bakin teku zuwa iyakar Burkina.

Togo doguwa ce siririya, kuma hanya ɗaya ce ta ratsa ta daga Lome zuwa Cinkasse. Sokode na wajen kilomita 340 daga Lome. Garin Kotokoli ne, cibiyar yankin tsakiya, garin musulmi da fataken goro suka san shi tun suna ratsawa daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja. Unguwar Didaure a kan wannan fatauci ta kafu. Tana tsakanin kogin Mo da Mono, akwai tsaunuka da itatuwa, damina guda ce amma mai tsawo da albarka, ruwan garin kuma daga madatsar Aleheride ake jawo shi. Daga nan a haura ta Bafilo, Kara, Kante da Sansanne Mango, tafiyar kusan kilomita 300, sai Dapaong, cibiyar yankin Savanes, ƙasar Moba da Gurmawa, da Mosawa, Fulani da Hausawan zango. A nan damina gajera ce, rani dogo, zafin Maris da Afrilu yakan kai 40, ƙasa ta bushe ta zama gari. Madatsar Dalwak ce ke shayar da garin, ƙauyuka kuma rijiya da burtsatse. Garuruwa biyu a ƙarƙashin tuta ɗaya da shirin yaƙi da fuka ɗaya, amma ƙasar da ƙafa ke takawa da iskar da hanci ke ja ba ɗaya ba ne.

Akwai wani abu da littattafan waje ba sa hangowa. Galibin abin da aka rubuta kan hanyar kamuwa a Amurka da Japan ya rataya ne a kan shawa, da bahon wanka mai tururi, da tukunyar dumama ruwa: ruwa ya fesu, ƙwayar ta hau tururi, mutum ya shaƙa. A yawancin gidajen Sokode da Dapaong da bokiti ake wanka. Ruwan yana kwana a randa, a jarka, a durom, ko a tankin roba da rana ke gasawa a saman gini. Santsi yana taruwa a waɗannan duka, amma feshin da ke kai ƙwaya can cikin huhu kaɗan ne. Abin da ke shiga huhu a nan ƙura ce: ta hunturu, ta sharar tsakar gida, ta sussuka da shiƙa, ta hanyar da ba kwalta, ta turken dabbobi. A ra'ayina, idan hanyar shiga ta bambanta, jinsin da ke shiga ma zai iya bambanta, kuma shawarar da ake ba majiyyaci a Tokiyo ta ya riƙa wanke kan shawa ba ta da wurin zama a Dapaong. Yayyafa ruwa kafin shara da rufe hanci a masussuka sun fi kusa da rayuwarsa. Game da kaji da zabi kuwa, kada sunan M. avium ya ruɗi kowa: reshen da ke kama tsuntsaye daban yake da wanda ya fi kama mutane, kuma ba a ɗaukar tsuntsun gida a matsayin babbar hanyar kamuwa.

Huhun da ya shirya karɓar baƙon ma akwai shi a garuruwan biyu. Na farko shi ne wanda ya warke daga fuka. An ba shi takardar sallama bayan wata shida, amma ramin da ƙwayar ta haƙa bai cike ba, hanyoyin iska sun buɗe sun lalace, kaki na taruwa. Bayan shekara biyu ko biyar ya dawo da tari, kowa ya ce fuka ce ta dawo. Wani lokaci ita ce. Wani lokaci NTM ce, wani lokaci kuma wata funfuna ce mai suna Aspergillus da ita ma ke son tsohon rami. Na biyu ita ce matar da ta yi shekara talatin a kan murhun itace, ko mai dafa burkutu da ke wuni cikin hayaƙi, ko mai toya gawayi a dazukan yankin tsakiya. Na uku shi ne saurayin da ya je haƙar zinariya, a Kemeni kusa da Sokode, ko Agbandi, ko ramukan Burkina da Gana, ya dawo da ƙurar dutse a ƙirji. Mai ƙanjamau da garkuwarsa ta faɗi ƙasa warwas shi nasa daban ne, domin MAC ba ta tsayawa a huhunsa, jini take bi ta gama jiki.

Mai karatu na iya cewa, to mene ne na damuwa da suna, ba a ba da magani kawai ba? Ai sunan shi ne maganin. M. kansasii ce mai sauƙin kai: rifamfisin da etambutol da isoniyazid suna cin ta, ko da yake tana buƙatar shekara guda, ba wata shida ba. Shi ya sa a inda take da yawa, wanda aka yi wa kuskuren maganin fuka yakan ji sauƙi, kuskuren ya ɓuya. MAC ba ta jin wannan haɗi. Ginshiƙin maganinta azitromaisin ne ko kilaritromaisin, tare da etambutol da rifamfisin, a ci gaba har wata 12 bayan kaki ya daina fitar da ƙwayar, in akwai rami kuma a ƙara allurar amikasin. M. abscessus ita ce uwar taurin kai. Magungunan fuka ba sa taɓa ta. Tana buƙatar allurai ta jijiya na makonni ko watanni, kuma tana da wata ƙwayar halitta da ke farkawa bayan kwanaki ta kashe ƙarfin azitromaisin. Wani reshenta mai suna massiliense ba shi da wannan makami, don haka ya fi jin magani nesa. Wato ko sunan jinsi bai wadatar ba, sai an san reshe. M. gordonae kuwa, wadda ke yawan fitowa daga ruwan famfo, kusan kullum ba ta da laifi; a bar mutum ya tafi gida.

A nan akwai haɗarin da ya shafi kowane kemis da kowane mai tallan magani a kasuwa. Azitromaisin ya zama maganin tari na kowa da kowa, musamman tun zamanin korona. Mai MAC da ke shan sa shi kaɗai, yau ya saya gobe ya bari, yana koya wa ƙwayar yadda za ta jure wa makami mafi ƙarfi da ake da shi a kanta. Da zarar ta jure, damar warkewa ta ragu ƙwarai.

Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010 kuma ta isa manyan asibitocin yankunan Togo, ta rage kuskuren Bamako sosai. Ƙwayar halittar dangin fuka kaɗai take nema, cikin awa biyu. Don haka idan gilashi ya nuna jajayen sanduna amma na'urar ta ce babu, wannan saɓani shi ne ƙararrawar NTM. Sai dai ta kawo sabuwar matsala. Inda aka daina duba gilashi aka dogara da na'ura kaɗai, mai NTM yana samun amsa ɗaya: ba ka da fuka. Gaskiya ne, amma ba a faɗa masa abin da yake da shi ba. Da can ana yi masa maganin da ba nasa ba, yanzu ana sallamar sa hannu rabbana. Rajistar shirin fuka kuwa fuka take ƙirgawa, kuma a yawancin ƙasashen duniya doka ba ta wajabta kai rahoton NTM ba. Maganin fuka kyauta ne a Togo; na wannan ciwo ba a gina shirin dominsa ba.

Akwai kuma tarkon da ya keɓanci yankinmu. M. africanum, wadda aka fara bayyanawa a Dakar a 1968, fuka ce ta gaske mai yaɗuwa, kuma Afirka ta Yamma ce gidanta: reshe ɗaya ya fi yawa ta wajen Benin da Najeriya, ɗaya ta wajen Gambiya da Gine Bisau, Gana na da duka biyun. Idan ƙwaya ta tsiro a ɗakin gwaji, akwai wani ɗan gwajin tsinke mai araha da ke neman sinadarin MPT64 don raba dangin fuka da NTM. Bincike a Gambiya da Kwatano ya nuna cewa wannan tsinke yakan kuskure M. africanum fiye da yadda yake kuskure fukar da aka saba. Sakamakon shi ne a rubuta NTM a kan mai fuka, a hana shi maganin da zai warkar da shi, ya koma gida yana yaɗa ta. Kama da wane ba wane ba ne, kuma a Togo karin maganar tana yanka ta gefe biyu.

Ko allurar BCG da ake yi wa jarirai ba ta tsira daga wannan taswira ba. A Ingila gwaji ya nuna tana kare matasa da kusan kashi 80 cikin ɗari. A Chingleput na kudancin Indiya ba ta kare manya daga fukar huhu ba. Ɗaya daga cikin bayanan da masana suka fi ɗauka shi ne cewa mutanen ƙasashe masu zafi sun riga sun haɗu da maikobakteriyar muhalli tun suna rarrafe, shi ya sa allurar ba ta ƙara musu kariya sosai ba. Har yanzu allurar tana kare yara daga fukar ƙwaƙwalwa, don haka ba abin wasa ba ce.

Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin ƙirji na Amurka da Turai suka sabunta a 2020 ba ta yarda a kira abu ciwon NTM ba sai abu uku sun haɗu: alamun ciwo, hoton ƙirji mai nuna ɓarna, da jinsi ɗaya da ya tsiro a kaki biyu da aka karɓa daban-daban, in da kaki aka dogara. Ko sun haɗu, ba kowa ake fara wa magani nan take ba, domin etambutol na iya taɓa ido, amikasin na iya taɓa kunne da ƙoda. Wani majiyyacin sa ido da koyon fitar da kaki sun fi masa. Wannan ƙa'ida tana da nauyi a kan mai aiki a arewa, domin reno da faɗin suna aikin babban ɗakin gwajin maikobakteriya na ƙasa ne a Lome, sama da kilomita 600 daga Dapaong, ga zafi da ke lalata kaki a hanya, ga dokar ta-ɓaci da aka sanya wa yankin Savanes a 2022 saboda hare-haren 'yan bindiga, waɗanda suka ƙara wa asibitocin Dapaong nauyin 'yan gudun hijira.

Duk da haka ba kakin kowa ne ke buƙatar wannan tafiya ba. Rukuni biyu ne: wanda gilashinsa ya nuna ƙwaya na'ura ta musanta, da wanda ya gama maganin fuka tari bai bar shi ba. A karɓi kakinsu sau biyu a ranaku daban, a cikin ɗaki ba a filin hazo ba, a kwalba mai murfi, kuma kada a kurkure baki da ruwan famfo kafin a tofa. In babu sanyi, akwai sinadarin CPC da ke riƙe kaki kusan mako guda, muddin a kan daskararren abincin reno za a shuka shi. Motocin da ke kai samfurin masu fuka mai taurin kai Lome za su iya ɗaukar waɗannan ma. A rajista kuma a ƙara layi uku: garin majiyyaci, sana'arsa, da watan da aka karɓi kakin. Da waɗannan layuka za a iya ɗora sakamakon Sokode kusa da na Dapaong, na damina kusa da na hunturu, a ga ko abin da aka gani a Zariya ya maimaita kansa, kuma ko M. sherrisii ta Wagadugu ta tsallako Cinkasse.